Fim Ɗin da Ƙarshensa Ya Ƙone

A Kano surutu ne sana'ata. Fina-finan ƙasashen waje nake fassarawa: a rufe ni a ɗaki da abin magana, in yi muryar jarumi, in yi ta budurwa, in yi ta mugu, har kukan jariri in ta kama. Inna, mahaifiyata, takan ce ko a barci bakina ba ya hutawa. To, wannan mai bakin shi ne aka zo Amurka aka rufe wa baki da al'adar gidansu, aka ɗauke abin da ya fi so yana tsaye yana godiya.

Zangona na farko Germantown, gidan Yaya Bashir. Ɗan unguwarmu ne, ƙofar gidansu tana kallon tamu, ya girme ni nesa ba kusa ba. Injiniyan kwamfuta ne, bai daɗe da rabuwa da matarsa ba, yana zaune shi kaɗai a gida mai ɗauke da kujerun da ba mai zama a kansu. Da Allah ya ci da ni a cacar biza, shi Inna ta kira ta ce, "Bashir, ga ƙaninka nan, amana." Ya ce, "Inna, ki kwantar da hankalinki, kamar yana ɗakinki." Kuma gaskiya makon farko ya yi mini gata. Ya saya mini rigar sanyi, ya ɗauke ni hoto a gaban manyan gine-ginen Washington ya aika gida. Daga nan sai na zama mai girki, mai wanke mota, mai guga. Ban ji haushi ba, aikin ƙani ke nan. Ranar da ya ce mini, "Sagiru, a ƙasar nan ba a zama, na samo maka waje kusa da aiki," har addu'a na yi masa.

Wajen shi ne Landover, falon wasu direbobi 'yan Nijar, katifa a bayan kujera. Aikin kuma wankin mota. Ban san akwai sanyin da zai sa namiji hawaye ba sai da na tsoma hannu a ruwa a watan Janairu. Yatsuna suka tsattsage, in na ɗaga hannu zan yi kabbara sai na ciji leɓe. Mai wajen kuwa sunana ma bai taɓa riƙewa ba, da yatsa yake kirana. Na yi kewar gida har ta kai in na ji ƙamshin gasasshen nama a hanya sai in tsaya kamar wanda aka kira.

Abin da ya riƙe ni a Landover shagon Alhaji Musa ne, wani dattijo mutumin Zangon Kumasi. Yana sayar da garin rogo, daddawa, busasshen kifi, goro, da duk abin da baƙo zai shinshina ya tuna uwarsa. A bayan shagon akwai labule, a bayan labulen akwai 'yar ƙanwarsa Ramatu, wadda take aikin kula da tsofaffi, in ta taso ta zo ta dafa shinkafa da wake irin tasu ta Gana ta sayar. Wofa take kiransa, wato kawu. Ranar farko da na miƙa hannu zan karɓi abinci ta kalli yatsuna ta ce, "Ei, ɗan Kano! Wannan hannu ne ko itacen wuta?" Ta shiga ta fito da man kaɗanya a murfin kwalba ta ba ni. Hausarta ta Zango ce, ba ruwanta da bambanta mace da namiji, ni kuma na samu abin tsokana. In na gyara mata sai ta ce, "Kai da ka iya, me ya ba ka? Ga ka nan kana wanke motar mutane."

Da bazara ta shigo, ɗaya daga cikin direbobin ya haɗa ni da wani ƙaramin gidan silima a Silver Spring da ke neman mai shara. Tsohon gida ne, kujerunsa ja, duk sun koɗe. Mai gidan ya ba ni ɗan ɗaki a ƙasan ginin, na kwashe kayana na koma. Aikina share gugguru da goge ƙasa. Ranar Lahadi da rana kuma ana nuna fina-finan da suka haura shekara ɗari, na zamanin da ba a iya ɗaukar murya ba. Mutane su yi ta motsa baki, ba ka jin komai, sai can a nuno rubutu a baƙin allo. Wata tsohuwar Baturiya, Mama Helen, ita ke zama a gefe tana kaɗa fiyano tana bin abin da ke faruwa. In an yi gudu ta yi sauri, in an yi kuka ta sassauta.

Akwai guda ɗaya da take ji da shi, duk ƙarshen wata sai an sa. Wani ɗan ƙaramin gari ne mai titi ɗaya da rijiya a tsakiya. Akwai yarinya mai sayar da burodi a shagon ubanta, samari biyu suna sonta: wani siririn mai kai wasiƙa da kekensa, da wani ƙaton wanzami mai gashin baki. Wanzami ya sace wa siriri iskar taya, siriri ya zuba masa gari a hula, gari ya rabu biyu, har tsofaffin mata suna nuna wa juna lema. A ƙarshe yarinya ta tsaya a kan gada, su biyun suka iso a guje, ta dubi wannan ta dubi wancan, ta buɗe baki za ta yi magana, sai allo ya yi fari fat. Ranar farko na ɗauka inji ne ya lalace. Mama Helen ta ce a'a, faifan ƙarshe ne ya ƙone tun kafin a haife ta, duk duniya ba wanda ya san wa yarinyar ta zaɓa.

Ni kuwa ka san hali. Ina daga baya da tsintsiya, bakina ya fara aiki da kansa. Na raɗa wa siriri Ilu, wanzami Tanko, yarinya Ladi. Ina ta sa musu magana ƙasa-ƙasa ina dariya ni kaɗai. Rannan bayan an tashi Mama Helen ta kira ni, na ɗauka korata za a yi. Ta ce in maimaita mata abin da nake cewa. Ba ta jin ko "zo" da Hausa, amma da na yi muryar Tanko ta yi dariya har sai da ta cire tabarau. Na gaya mata kakana ya ba ni labarin majigi, yadda ake kafa farin ƙyalle a dandali wani ya tsaya a gefe yana yi wa jama'a bayani. Ta ce, to me zai hana in kira mutanenmu? Kujerun dai ga su nan ba kowa.

Haka aka fara. Duk Lahadin ƙarshen wata sai ga 'yan Gana, 'yan Nijar, 'yan Najeriya, da yaransu waɗanda ake yi wa Hausa suna amsawa da Turanci. Mama Helen na kaɗawa, ni ina gaba da abin magana. In allo ya yi fari ba ta tsayawa, sai ta ci gaba a hankali, ni kuma in ƙirƙiro ƙarshe. Yau Ladi ta auri Ilu, wani watan Tanko, wani watan ta ture su duka a ruwa ta auri mai gadin gada. Likitoci da injiniyoyi suna riƙe ciki. Tun da na sauka a ƙasar nan, a wannan ɗakin ne kaɗai na ji ni mutum ne.

Ramatu ba ta taɓa fashi ba. Takan zauna a layi na biyu da kwanon abinci a cinya, wai na mai surutu ne. Bayan an watse mukan taka har tashar jirgin ƙasa ta Metro. Na ba ta labarin Inna, na ba ta labarin hular da Inna ta ɗinka mini da hannunta, zare shuɗi da ruwan toka, ta sa a ƙasan jakata ta ce kada in sa sai a maganar aurena. Har hoton hular na nuna mata. Wata rana a bakin tasha ta tsaya ta ce, "Sagir, bar wasa. Yarinyan nan, wa ya zaɓa?"

Na ce, "Ai ba wanda ya sani."

Ta ce, "Ni da ni ne, mai keke. Amma sai ya zo gida kamar mutum, ya ga manya. Ni ba na son zancen bakin titi."

Jirginta ya iso ta shige. Na koma ɗakina ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

A wajenmu saurayi ba ya zuwa neman aure da bakinsa. Manyansa ke zuwa da goro da alawa, shi yana gida yana zufa. Ni kuwa wane babba gare ni a Amurka in ba Yaya Bashir ba? Ranar Asabar na hau jirgi da bas har Germantown, na durƙusa a kan kafet ɗinsa, kaina a ƙasa na faɗa masa. Ya san Ramatu, ya zo kallon fim ɗin sau biyu, ya ci abincinta ya yaba. Ya juya makullin mota a yatsa, sannan ya yi murmushi ya ce, "Ƙanena ya girma. Wannan ai aikina ne. Je ka sayo goro mai kyau da alawa, sauran ka bar mini. Zan ɗauki Dokta Sani mu je, dattijo ne, ana jin maganarsa."

Goro mai kyau a duk yankin nan shago ɗaya ke da shi. Na je wajen Alhaji Musa da kaina na ce a ba ni wanda ya fi kowanne. Ya buɗe ganye yana zaɓo mini farare manya, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗana, wannan goro na magana ne. Na wa?"

Ina zan iya kallon idon surukina in ce nawa ne? Na sunkuyar da kai ina murmushi na ce, "Na wani babba ne, Baba Alhaji. Za ka gani."

Da na kai wa Yaya Bashir kayan ya ce hulunansa duk sun tsufa, ko ina da ta fita kunya? Na yi tunani, Inna ta ce sai a maganar aurena, to ga maganar aurena ta zo. Na ɗauko ta daga ƙasan jaka na miƙa masa da hannu biyu.

Bayan sun je ya kira ni. "An karɓe mu hannu bibbiyu. Amma ka san mutanen Gana da tsauri. Alhaji ya ce zai yi bincike, zai tuntuɓi Kumasi. Kafin nan kada ka je shago, kada ka kira ta. In ta kira ma kada ka ɗauka, gwada ka ake yi. Ka nuna musu kai ɗan gidan mutunci ne."

Na nuna musu kuwa. Ramatu ta kira a ranar, ta kira washegari, wayar tana ruri a hannuna ina kallon sunanta ina cewa a raina, yi haƙuri, saura kaɗan. Ta kira har ta gaji ta daina. Lahadin ƙarshen wata kujerarta ba kowa, na ce kunya ce. Wata mata ta ce mini, "Mun ji abin alheri, kai ma ka yi ƙoƙari," na sunkuyar da kai na wuce. Duk sanda na tambayi Yaya Bashir sai ya ce, "Kumasi ba su amsa ba tukuna. Kai dai ka cika gaggawa."

Yawanci a wani ɗan masallaci kusa da aiki nake Juma'a. Rannan aka ba ni hutu, na ce bari in je babban masallacin da mutanenmu ke taruwa, ko na hango Alhaji Musa daga nesa in ga yanayin fuskarsa. Aka idar da salla, liman ya ce a ɗan dakata akwai ɗaurin aure. Na gyara zama, ni mai son dabino. Na ga Alhaji Musa ya matsa gaba, na ga Dokta Sani ya zauna a gabansa. Na ce ko dai ba-zata Yaya ya shirya mini? Wallahi har wannan tunanin na yi, don ku san iya wautata. Sai na ji an ce an ɗaura auren Bashir da Ramatu. Aka shafa fatiha. Na ɗaga ido, ga shi can a sahun gaba cikin farar shadda, hular Inna a kansa, ana ta miƙa masa hannu.

Ban san yadda na fita ba. A wajen takalma Alhaji Musa ya kamo hannuna yana fara'a. "Ɗan Kano! Ka ɓuya. Ai da suka zo na gane ledar shagona, na ce wannan goron ni na zaɓe shi. Bashir ya ce kai ya aika, kai ne ma ka fara yi masa sha'awar yarinyar. Allah ya yi maka albarka, ƙanin kirki." Daga baya na ji yadda aka yi. Yaya Bashir bai ma karya al'ada ba. Ya tura Dokta Sani ciki ya nema masa, shi ya zauna a mota, sai da aka kira shi ya shiga gaisuwa.

Washegari na same shi a Germantown yana goge mota. Na zo da maganganu cike da ciki. Abin da ya fito kawai shi ne, "Yaya, Inna ta ce maka amana."

Bai ko ajiye tsumman ba. Ya ce, "Sagiru, ka yi hankali. Da me za ka riƙe ta, da tsintsiya? A ɗakin ƙasa za ka ajiye 'yar mutane? Je ka tambaya ko dole aka yi mata. An tambaye ta ta ce ta yarda. Ni taimakonku na yi ku duka biyu, wata rana za ka gane."

Na je wajen Dokta Sani. Ya saurare ni har ƙarshe, ya yi salati, na ga abin ya taɓa shi. Amma da ya buɗe baki sai ya ce, "Aure ya riga ya ɗauru, Sagir. Mu 'yan kaɗan ne a ƙasar nan, in wannan magana ta fita 'yan Gana da 'yan Najeriya ba za su ƙara haɗa sahu ba. Ka rufa mana asiri, ka bar wa Allah." Kowa haƙuri yake ba ni, ba wanda ya ce a kira Bashir. Na tsani kalmar haƙuri a wannan shekarar. Inna ma da ta ga hoton biki a wayar uwar Bashir, kira ta yi tana tambayar yadda hularta ta hau kan wani. Na ce aro ya yi. Sai ta ce, "Sagiru, lafiya kake kuwa?" Na ce sanyi ne ya kama mini murya.

Na daina yi wa fim ɗin magana. Na ce wa Mama Helen maƙogwarona ke ciwo. Ba ta tambaye ni komai ba, sai dai kullum ta zo da shayi a gora ta ajiye mini a kan fiyano. Mutanenmu suka zo wata ɗaya, biyu, suka ga ba surutu, suka ɗauke ƙafa.

Sai da ganye ya zube sanyi ya dawo sannan na sake ganin Ramatu. Lahadin ƙarshen wata ce da rana, 'yan kallo ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ina tsaye a baya da tsintsiya sai na ga mace ta shigo a hankali, hannu ɗaya a ƙugu, cikinta ya fito. Ba ta je layi na biyu ba, ta zauna a kujerar ƙarshe kusa da inda nake. Muka yi ta kallon Ilu da Tanko suna faɗa a bakin rijiya. Can ba tare da ta juyo ba ta ce, "Matar Dokta ya faɗa mini wani magana. Ina so in ji a bakinka. Goron nan na wa ne?"

Na ce, "Nawa ne."

"Hulan fa?"

"Na ba shi ya je ya nema mini ke."

Ta ja numfashi. A allo Ladi ta kama hanyar gada.

Ta ce, "Ran da ka zo sayen goro ina bayan labule. Na ji Wofa ya tambaye ka, na ji ka ce na wani babba ne. Ban yarda ba. Sai ga mutum ya shigo da hulan da ka nuna mini a kansa. Duk da haka ban yarda ba, na kira ka. Na kira ka har yatsana ya gaji, Sagir. Na ce ashe kyauta ka yi da ni, har da hula."

Na ce, "Shi ya ce kada in ɗauka. Ya ce Wofa ne ya sa sharaɗi."

"Wofa?" Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Wofa da yake tambayata kullum ina ɗan Kano ya shiga?"

Allo ya yi fari. Mama Helen ta ci gaba da kaɗawa a hankali kamar yadda ta saba. Hasken ya sauka a fuskar Ramatu, na ga hawaye har haɓa, ba ta share ba. Na ce, "Yanzu ya za a yi?"

Ta dafa cikinta ta ce, "Yanzu? Yanzu zan koma gida in dafa wa uban ɗana abinci, in zauna ina kallonsa yana ci, na san abin da ya yi. Kai aka cuta rana ɗaya. Ni kullum ne."

Ta dafa kujera ta miƙe da ƙyar, ta ciro wata leda daga jakarta ta ajiye a inda ta tashi. Ledar shagon Wofa ce. Ta fita ba ta waiwayo ba, ni kuma ban bi ta ba, matar aure ce.

Da aka kunna fitilu na buɗe ledar. Hular Inna ce, an wanke ta, an yi mata kari, ƙamshin man kaɗanya yana tashi a jikinta. Na sauka ɗakina na tsaya gaban madubi na ɗora ta a kaina, karo na farko tun da aka ɗinka ta. Sai ta zurma ta rufe mini girare. Kan Yaya Bashir ya fi nawa girma, ya buɗa ta.